Maƙesu Arba'in da Ɗaya a Bakin Gonar Kawu

Tehran, 18 ga watan Hurdad

Kawu Yadullah,

Gaisuwa da ladabi daga 'yarka Firuze. Ina fatan gwiwar nan ta yi sauƙi, ko da yake na san halinka, ko ba ta yi ba cewa za ka yi ta yi. A gaida Inna Gulnisa, a ce mata tafarnuwar da ta jiƙa mini ta ƙare tun kafin Nauruz, bikin sabuwar shekara, 'yan ɗakinmu ne suka taya ni ba tare da na gayyace su ba. Mamata lafiya lau, sai hawan jini da mita.

Kawu, bana ba zan samu zuwa ba. Malamina ya kafe sai na gama rubuta kundin bincikena kafin ƙarshen watan Murdad, ga shi lokacin maƙesu, ƙwarin nan masu haske da dare, ya kama. Ka san yawon da na sha bara, daga garin Amul har bakin daji. Duk inda muke ganinsu muna yara, yanzu gidajen hutun 'yan birni ne, ko lambun lemo da aka barbaɗe da maganin dodon koɗi. Wuri ɗaya tak na samu da saura, gaɓar rafin nan ta ƙasan gonarka ta shinkafa. Idan na wurin suka ƙare, to a yankinmu sun ƙare ke nan.

Alfarmar da nake roƙo ƙarama ce. Bayan ka idar da isha, ka bi gaɓar ka ƙirga mini masu haske, ka kafa ɗan tsinke kusa da kowacce, ka rubuto mini. Kada ka kama ko ɗaya. Allah ya sa in ji adadi mai yawa.

'Yarka,
Firuze


Bishekola, 3 ga watan Tir

Zuwa ga likitar tsutsa,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Gulnisa tana bayana tana cewa ƙarya nake, kada ki kula ta. Wayar ofishin ƙauye har yau ba a gyara ba tun da ruwa ya kayar da sandarta, saboda haka sai haƙuri da gidan waya.

Albishirinki biyu. Na farko, kawunki ya bar kwanan nefar, rumfar gadin gona. Shekara hamsin da ɗoriya ina hawa rumfar nan ta kan dirkoki duk damina, ina dukan garwa ina ihu har asuba don aladen daji, sauro yana shan rabonsa. Ɗana Bahman ya zo hutu daga tashar jiragen ruwa, ya ga yadda nake hawa tsani da ƙafa ɗaya, ya ce ba a gabansa ba. Ya sayo manyan fitilu huɗu, ya jawo wuta tun daga gida, ya kafa su a kan gaɓar rafin, ta inda aladun suke ɓullowa. Gonar da dare sai ki ce gidan biki. Sati uku ke nan ko sawun alade ban gani ba, kuma ina kwana a kan katifata kamar mutum.

Na biyu naki ne. Arba'in da ɗaya! Na ƙirga sau uku, Gulnisa ta ƙirga sau ɗaya don ba ta yarda da ni ba. Sai an durƙusa an kare fitilar da hula ake ganinsu sosai, amma suna nan. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne ba sa ɓacewa. Dā in ka ga ɗaya yau, gobe babu ita, sai wata a wani wuri. Bana kuwa kowacce tana jikin tsinkenta, dare takwas a jere, tana ta haske. Akwai wata babba a gindin dutse da na sa wa suna Hajiya. Ni a ganina daɗin fitilun Bahman suke ji, sun samu 'yan'uwa.

Ki rubuta wannan a kundinki, ki sa sunana da manyan baƙaƙe.

Kawunki,
Yadullah


Tehran, 9 ga watan Tir

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, sauri nake yi.

Don Allah, don Annabi, ka kashe fitilun nan a daren da wannan takarda ta same ka.

Masu hasken da kake ƙirgawa duk mata ne. Ba su da fiffike, ba sa tashi. Mijin wani ɗan ƙwaro ne ruwan ƙasa, mai fiffike da manyan idanu, da ka gan shi ba za ka ce danginsu ɗaya ba. Shi ke yawo a sama da dare yana neman ɗan koren hasken nan. A ƙarshen cikin macen akwai wani sinadari, da kuma wani da ke haɗa shi da iskar da take shaƙa, sai haske ya fito babu zafi ko kaɗan. Wannan na biyun shi nake bincike a kai shekara uku. Amma ita ba don ado take kunnawa ba, miji take kira. Da zarar ya same ta sai ta kashe, ta gangara cikin ciyawa ta yi ƙwai. Shi ya sa dā kake ganin ɗaya yau, gobe babu ita.

Wadda ta yi dare takwas tana haske a wuri ɗaya, babu wanda ya zo mata ne. Fitilun Bahman sun danne haskenta, mazan ba sa ganinta.

Kuma Kawu, ba sa cin abinci. Shekara biyu suke yi suna tsutsa, suna cin dodon koɗi, abin da suka tara a lokacin shi suke ƙonawa yanzu. Daga sati biyu zuwa uku ya ƙare, su mutu. Takardarka ta yi kwana shida a hanya, tawa ma za ta yi haka. Na zauna na lissafa kwanakin. Na farkon ba za mu same su ba, amma wasu suna fitowa har farkon Murdad, su nake roƙa wa.

Na je ofishin waya sau biyu ko an gyara layinku, shiru. Na roƙi malamina kwana uku, ya ce in na tafi kada in dawo.

Na san akwai aladu. Amma shinkafa ana sake shuka ta baɗi, su kuwa in sun ƙare babu mai dawo da su. Ka kashe, Kawu.

Firuze


Bishekola, 16 ga watan Tir

Firuze,

Muna lafiya. Da fatan ke ma haka, da malaminki mai hana kwana uku.

Na karanta takardarki sau biyu. A karo na biyu na karanta wa Gulnisa da ƙarfi, da na zo wurin da kika ce shinkafa ana sake shuka ta baɗi, sai ta ajiye butar shayi ta ce, "Ita ce za ta shuka?" Ko ke kina da amsar da zan ba ta?

Bari in tuna miki yadda ake sake shukawar, tunda birni ya mantar da ke. Gulnisa tana da shekara sittin da shida, ta yi kwana goma sha ɗaya a sunkuye cikin ruwan sanyi tana dasawa, har yau ba ta miƙe daidai ba. Yanzu shinkafar ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara, lokacin da alade ya fi so ke nan. Garke ɗaya ya shiga, ba cin ne ɓarnar ba, birgimar ce. Dare ɗaya ya isa. Wannan gonar ita ce abincinmu na shekara, daga cikinta ake kai wa uwarki buhu biyu duk kaka, wanda kike ci a Tehran kina lissafi.

Kuma in kashe fitilun in ce wa Bahman me? Yaro ya hana kansa, ya yi wa ubansa gata, in ce masa wata jikar 'yar'uwata, wadda zumuncinmu ma sai an zauna an warware, ta ce tsutsa ba ta samun miji?

Akwai wata magana kuma da ban so faɗa ba. Bara wa ya zo nan da kwalba da ƙanƙara? Wa ya bi gaɓar nan dare uku yana tsince masu haske? Ni na riƙe miki fitilar hannu. Hamsin da bakwai kika tafi da su, na ƙirga. Ashe duk mata ne masu jiran miji, kin sani, ni ban sani ba. Ni ban taɓa kashe ko ɗaya ba, 'yar nan. Yanzu kuma ni ne mai laifi, ni zan biya da gwiwata.

Tunda kin ce a ƙirga, saura goma sha tara, yawancinsu sababbin fitowa. Hajiya ta daina haske shekaranjiya.

Ba zan kashe ba.

Yadullah


Tehran, 22 ga watan Tir

Kawu Yadullah,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna Gulnisa, in har za ta amsa.

Takardarka ta zo da safe. Na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin gwaji, na shiga na zauna ban iya taɓa komai ba har azahar. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne.

Hamsin da bakwai ɗin nan suna raina tun kafin ka ambata. Na ɗauke su ne don mu ciro tsarin sinadarin daga jikinsu. Mun ciro, mun dasa shi a cikin ƙwayoyin halitta da muke renonsu a kwalba, yanzu su ke yi mana shi, ba za mu sake buƙatar kama maƙesu ba har abada. Da shi ake gane ko ruwan sha ko abinci yana da ƙwayar cuta, domin in akwai abu mai rai a ciki sai ya yi haske. Ina ta faɗa wa kaina wannan don in samu barci. Amma ashirin ma da sun ishe ni. Na kwashi hamsin da bakwai ne don ina tsoron kada aikin ya lalace malamina ya raina ni. Ina jin shi ya sa na yi maka ihu a takarda, nauyina nake nema in ɗora maka.

Maganar shinkafa kuwa, na ji kunya. Na rubuta ta ne da nufin cewa iri yana nan a rumbu, ban tuna da bayan Inna ba. Wannan ba uzuri ba ne.

Ka bar fitilunka a kunne. Da gaske nake, ba fushi ba ne. Kada ka hau nefar da wannan gwiwar saboda ni. In Allah ya kai mu kaka zan zo da kaina, mu zauna da Bahman mu ga ko za a juya fitilun su kalli daji, a yi musu murfi ta gefen rafi. Wataƙila akwai tsutsotsin bara a cikin ciyawa da za su fito baɗi. Wataƙila.

Ka yafe mini.

'Yarka, in ka yarda,
Firuze


Tehran, 2 ga watan Murdad

Kawu,

Ina gaisuwa. Kullum sai na leƙa wurin mai gadin da ke karɓar mana wasiƙu, babu takarda. In fushi ne na cancanta, amma ka rubuto ko layi ɗaya ne in san kuna lafiya. Mamata ta ce ta ji a bakin wani direba cewa an ga Bahman a Amul, alhali ba lokacin hutunsa ba ne. Me ya kawo shi?

Firuze


Bishekola, 6 ga watan Murdad

Firuze,

Ni ce Gulnisa. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kwana biyu na yi ina yin sa. Ina gaida uwarki. Ba zan ce miki muna lafiya ba.

Kawunki yana asibiti a Amul. Ƙashin ƙugunsa ya karye, an yi masa aiki an sa ƙarfe. Bahman ne ke kwana da shi.

Ga yadda aka yi. Ranar da ya kai takardar nan tasa mai zafi gidan waya, ya dawo yana ta cika yana batsewa. Da dare ya ce bari ya je ya cire tsinkayen banzan nan. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya buɗe mini tafin hannunsa a gaban fitila, ga wadda yake kira Hajiya, ta bushe. Ya ɗan matsa cikinta da farce, sai ga ƙwai, ƙanana, cike. Ya ce, "Gulnisa, kin gani? Da cikinta ta mutu." Na ce, "To sai me? Tsutsa ce." Ya ce, "Da saniya ce haka za ki ce?" Na ce, "Da saniya ce da na sha nononta."

Ya rufe hannunsa ya je ya kwanta. Washegari da magariba na ga ya ɗauki garwa da bargo ya kira kare. Na tare ƙofa na ce, "Tsoho, ka haukace? Jiya-jiya ka rubuta wa yarinyar nan ba za ka kashe ba." Ya ce, "Ai ba ita ta sa ni ba. Matsa." Na ce in ya faɗo kada ya kira sunana. Allah ya yafe mini wannan bakin.

Lokacin da ya kashe fitilun, cikin goma sha taran nan goma sha huɗu ne suka rage da rai. Daren farko uku suka ɗauke. Ya rufe fitilar hannu da tsumma ya je ya duba, ya tarar da kowacce da ɗan ƙwaron nan ruwan ƙasa a bayanta, yadda kika faɗa. Ya shigo da asuba yana dariya shi kaɗai, ya tashe ni wai in ji labari. Na ce ya bar ni in yi barci. Haka ya yi ta yi, kullum ya dawo da adadi, kullum yana raguwa, shi kuma yana murna kamar mai aurar da 'ya'ya. Ban taɓa ganin mutum yana murnar abu ya ƙare ba sai shi. Na ce ya rubuta miki mana, ya ce a'a, sai sun kammala, yana so ki ji gaba ɗaya.

A dare na tara aladun suka zo, uwa da 'ya'yanta da wasu manya. Ya buga garwa ba su kula ba, sun ɗanɗana. Ya sauko da sauri zai bi su da sanda, gwiwar ta ƙi, ya faɗo daga tsani. A cikin ruwan gona ya kwana. Ni ina gida ina jin kare yana ta haushi, na ce a raina ai maganinsa ke nan, na juya na yi barcina. Sai da gari ya waye na je.

Takardarki mai cewa ya bar fitilun a kunne ta iso bayan kwana biyu da faɗuwarsa. Na kai masa asibiti, Bahman ya karanta masa. Na so in yaga ta, Firuze. Kwana biyu kacal. Shi kuwa da aka gama sai ya ce, "Yarinyar kirki ce. Saura nawa?" Na ce saura uku. Ya kama hannuna ya matse, shekara arba'in da bakwai muna tare, na san abin da yake nufi.

Bahman ya biyo ni waje yana huci. Ya ce, "Inna, yau ɗin nan ki kunna, ko in zo in kunna da kaina in banka wa gaɓar wuta." Na ce, "Ka taɓa ta ka gani." Ya ce, "Ke ma kin shiga addinin tsutsar?" Na ce, "Ubanka ya karya ƙugu a kan abin nan. In na kunna yanzu, a banza ya karya."

Ni na hau nefar. Dare bakwai, ni da kare da tukunyar tagulla, don garwar ta lotse a ƙarƙashinsa. Kada ki ɗauka don ke na yi, kuma har yanzu ban ga abin so a jikinsu ba. Na dai zauna a cikin duhu ina kallon ɗigo uku, sai biyu, sai ɗaya. Ta ƙarshen ta ba ni wahala, dare huɗu tana haske ita kaɗai, har na tsinci kaina ina zagin mazan ƙwari da ƙarfi. Shekaranjiya ta ɗauke. Na sauko a hankali na duba, da nata a bayanta. Goma sha huɗu cif, babu wadda ta mutu tana jira. Ki rubuta a kundinki.

Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi, duk ɓangaren rafi a kwance yake. Sauran za mu yanka nan da sati biyu, maƙwabta sun ce za su taya. Bana babu buhun uwarki, ki faɗa mata. Na hana kowa yankan ciyawar gaɓar, don ya ce ƙwan suna ciki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jiya likita ya kira ni da Bahman gefe, ya ce zai tashi, zai taka da sanda, amma shi da shiga ruwan gona har abada. Bai sani ba. Yana can kwance yana tsara yadda zai juya fitilu baɗi, da inda zai dasa iri da wuri. Bahman ya ce ba zai iya faɗa masa ba. Ni na shiga sau biyu da niyya, na fito ban faɗa ba.

Ke kin iya bayani, kin bayyana masa abin da ya shekara saba'in yana gani bai gane ba, ya kuma yarda da ke. Ki ce wa malaminki abin da za ki ce. Motar Amul tana tashi kullum da safe. Ki zo ki faɗa masa da bakinki, ina zaune a gefe.

Gulnisa